Farin Gefen Don Nicanor

Duk wanda ya taɓa kai hoto shagon Don Nicanor, wato Malam Nicanor a harshensu, a garin Moca ya san ba zai karɓe shi yadda ya kai shi ba. Tsohon zai ɗora shi a kwamfuta, ya gyara zaman tabarau, ya faɗaɗa filin da ke bayan hoton, ya cika shi da fari ta kowane ɓangare. Ba ya yanke komai, ba ya ja wa kowa fuska. In ka ce ba ka so, sai ya ce, "Ɗana, hoto ma yana son ya sha iska."

Taurin kai ne? Akwai shi kam, amma da dalili. Shi ne auta a gidan da yara suka yi yawa, kuma sau ɗaya tak aka taɓa ɗaukarsu hoto gaba ɗaya. Aka tsayar da shi can ƙarshen layi. Da aka sa hoton a firam, katako ya cinye shi, kunnensa kaɗai ya leƙo. Har mahaifiyarsu ta rasu, in baƙo ya zo takan nuna bango ta ce, "Ga Nicanor nan, wancan kunnen." Kowa ya kwashe da dariya, shi kuwa abin ya tsaya masa a rai. Tun zamanin wanke hoto a ɗaki mai duhu yake bar wa mutane gefe, da kwamfuta ta zo kuma ya koye ta da furfurarsa.

Matarsa Herminia tana sayar da kofi da soyayyar ayaba a bakin shagon, tsiya kuma kyauta take ba shi. "Tsoho, farin nan naka ya fi hoton yawa. Bango kake sayarwa?"

To, sai ga bikin cikarsu shekara hamsin da aure ya taso. A Moca kuwa ina aka taɓa biki babu hoton sa hannu a bakin ƙofa, kowane baƙo ya rubuta sunansa a farin gefen? Herminia ta tsaya masa a ka yana aikin.

"Rage farin nan. Na san waɗanda na gayyata."

"Yaya Casilda fa?"

"Kada ka ɓata min rai da safen nan."

Casilda yayarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da aka raba kayan mahaifiyarsu Casilda ta ɗauke babbar tukunyar gidan, ba su ƙara gaisawa ba. Tukunya fa! Shekaru sun ja, kowacce na jiran ɗaya ta fara. Nicanor ya san matarsa na kewar yayarta, don yakan ji ta tana ɗanɗana miya tana cewa ta Casilda ta fi. Ya kuma san duk sun tsufa, in aka wuce bikin nan ba lallai a samu wani ba. Wannan ne ya hana shi sukuni.

Ya ce, "To, na rage." Tana juya baya ya ƙara faɗin gefen fiye da da. Ya aika wa Casilda hoton ta waya, ya zana da'ira a kusurwar ƙasa, kusa da kafaɗarsa. Bai ƙara ko kalma ba.

Ranar biki gida ya cika maƙil. Kiɗa na tashi, maza na buga ƙwayoyin wasan domino kamar za su fasa tebur. Shi kuwa angon ya ƙi rawa, ya kafe a gaban hoton ya dafe kusurwa da tafin hannu. Duk wanda ya nufo wurin da alƙalami sai ya ce, "Matsa sama, nan da mai shi."

"Wane ne mai shin?" in ji maƙwabcinsa Leoncio. "Shugaban ƙasa?"

Rana ta yi sanyi, gefe ya cika da sunaye, kusurwa na nan fari fat. Nicanor ya fara leƙen hanya. Herminia ta hango, ta gane sarai, ta kau da kai.

Can sai aka ji babur ya tsaya. Casilda ce a baya, ta rungume tukunyar nan cike da farfesun nama da rogo, tana yi wa mai babur masifa kada ya zubar mata. Ta dire ta a gaban ƙanwarta.

"Ga tsiyarki nan. Ko miya ba ta yi daɗi a ciki."

"Ke ce dai ba ki iya ba, Yaya," in ji Herminia, hawaye na zuba, tana dariya.

Nicanor ya ɗage hannunsa ya miƙa alƙalami. Abin da ya manta shi ne idon Casilda ya yi rauni, kuma ba ta taɓa yin abu kaɗan ba a rayuwarta. Ta fara daga kusurwa da manyan baƙaƙe, ta cinye farin, ta haura cikin hoton, ta bi ta kan hancin ango da gashin bakinsa, sannan ta ja dogon layi a ƙasa.

"Wayyo, Yaya, kin shafe min miji!"

Casilda ta matso da fuska ta duba. "Ina? Ga kunnensa nan. Ai da shi yake jin maganarki."

Nicanor ya yi dariya har sai da aka kawo masa kujera. Hoton na nan rataye a shagonsa, bai yarda a sake buga wani ba. In baƙo ya tambaya ina angon, da kansa yake tashi ya nuna, yana murmushi: "Ga ni nan, wancan kunnen."