Malam Sha'aban da Hararar Haulatu

Kullum kafin ƙarfe takwas Malam Sha'aban ya jingine kekensa a gindin darbejiya, ya buɗe ɗakin ido na wani ƙaramin asibiti a Zango, ya share shi da kansa. Ɗakin a can ƙurya yake, ba mai bi ta wajen sai wanda ido ya dama. Shekara ashirin da shida ba shi da abokin aiki, daga benci sai allon haruffa da 'yar tocilar leƙa cikin ido. Likita ake ce masa, shi kuwa nas ne, har ya gaji da gyara wa mutane.

Sauran ma'aikata sun sha yi masa tsiya, wai a zo masa da ciwon ido ya tsaya tambayar ciwon kai. Ba su san Kulu ba. Matarsa ce. Wata uku tana kukan kai yana ɗiga mata maganin ido, har ganinta ya tafi, ita ma ta bi bayansa. Sai da ya koma kwas ya gane abin da ya yi ta kallo bai gani ba. Bai ƙara aure ba, kuma har yau abin yana cinsa.

A shekarun farko na shari'a, lokacin da kowane ciwo ake fara kai shi wajen masu ruƙiyya, wani manomi Mainasara ya kawo matarsa Haulatu, mai ɗinkin hula, daga garin Babban Mutum.

"Likita, na ɗigawa kawai za ka ba mu," in ji shi. "Harara ta koya, har Inna take harara. In ta ɗago daga sujada sai ta ce duhu. An yi ruƙiyya sau uku, shiru."

Malam ya ɗaga yatsa ɗaya. "'Yata, nawa kike gani?"

"Biyu, Baba."

Ya ja yatsan zuwa damanta, idon dama ya ƙi bi, ya maƙale wajen hanci. Ya leƙa da tocila, ya ga jijiyar gani ta kumbura a duka biyun. Ya san wannan kumburin, irin na Kulu ne.

"Ba ta harari kowa ba," ya ce. "Ruwa ne ya yi yawa a ƙoƙon kanta. Shi ya danne jijiyar da ke juya ido, shi yake cin ta gani. Ku ci gaba da addu'a, amma gobe ku kwana Kano. In kun yi sake, ba wanda za ta ƙara gani, balle ta harara."

Mainasara ya ce to, irin to ɗin mai gero a gona da ba shi da niyyar tafiya. Malam ya ji ta sarai. Washegari ya rufe ɗakin, ya hau acaɓa har Babban Mutum, ya zauna a zaurensu ya ƙi ko shan ruwa sai da suka shiga mota. A Kano aka ɗauki hoton kai, aka rage ruwan ta gadon baya, aka ɗora ta a kan magani. Gefen idon dama bai dawo ba, sauran Allah ya tsare.

Kai ne mai tambayar da ake yi wa dariya, Malam. Kai ka hana a bar baiwar Allah da sunan mara kunya har ta makance.

Watan jiya ya yi ritaya. Ba walima, ba a kuma turo mai gadonsa ba. Yana kwashe 'yan kayansa shi kaɗai sai ga Haulatu da hular da ta ɗinka masa. Hannunsa ya riga shi, ya ɗaga yatsa.

"Ɗaya, Baba," ta ce tana dariya. Sai ta dubi bencin. "To yanzu wa za mu tarar a nan?"



Mun gode, Malam Sha'aban, Allah ya saka maka, ya jiƙan Kulu. Ku kuma matasan ma'aikatan jinya na ƙasar Daura, wani ya tashi ya amsa wa Haulatu. Tocilar tana cikin durowa, Malam ya sa mata sabon batir kafin ya rufe ƙofa.