Duhun da Muka Ɗora wa Kamfani

Yayana mai murza burodi ne. Shekara ashirin da biyu ke nan yana tsayuwa gaban dogon teburin gidan burodi, yana yankar kwaɓi yana jerawa a gwangwani, ko sikeli ba ya kallo, hannunsa ya riga ya san nauyin. Ba ya shan taba, ba ya kallon ƙwallo, ba ya zaman hira a bakin titi. Abu ɗaya ne ya shiga ransa tun muna yara, wasan bidiyon nan na jarumi mai rawayar alkyabba, wanda ke tsalle daga rufin wannan gida zuwa na wancan yana kama ɓarayi.

Babanmu ne ya sayo mana na'urar, 'yar gwanjo ce, da kaset ɗaya tal. A lokacin zanen wasan kamar an jera ƙananan tubala yake. Sama shuɗiya fes, ɓarayin da manyan hantuna, in ka naushi ɗaya sai taurari su kewaye masa kai. Abin dannawa ɗaya ne, Yaya kuma ya ba ni shekara biyar, to ba sai na faɗi mai riƙewa ba. Ni aikina in tsuguna a gefensa ina zuba surutu: hagu, tsalle, ga shi nan bayanka. Amsarsa kullum ɗaya ce: "Ke Auta, yi mini shiru, ina da ido."

Muka girma, wasan ma ya girma, sai dai girman bai yi masa kyau ba. Duk sabon da kamfanin ya fitar sai ya fi na baya duhu. Ruwan sama ba ya tsayawa, garin babu fitila, jarumin ya daina dariya, alkyabbar ma ta koma ruwan toka. Yaya ya yi aure, ya haifi 'ya'ya biyu, furfura ta fito masa a gemu, amma bai fasa saye ba, bai kuma fasa mita ba. Duk Asabar in na rufe shagon hoton takardu inda nake aiki, gidansa nake wucewa. Zan same shi ya dawo aiki, gari a gashin hannunsa, ya jawo kujera dab da talabijin yana zagin masu zanen, wai su da kansu ba sa ganin abin da suke zanawa. Ni kuma in taya shi, don a duniya babu abin da ke yi mana daɗi, ni da shi, kamar mu haɗu mu tsine wa kamfanin nan.

Wata rana Anti, matarsa, ta ja ni kicin. Ta ce kwana biyu Yaya yana bugun ƙofa da kafaɗa, yana tsiyaya shayi a gefen kofi, ranar nan ma ya taka keken ƙaramar 'yarsu yana tsakiyar tsakar gida da rana tsaka. Ta yi masa maganar asibiti ya ce ta cika sa ido. Ta ce in yi masa magana, tunda ni kaɗai yake ji.

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi. Na ce mata Yaya ai tun yana yaro garaje ne da shi, mutumin da ya taɓa faɗawa cikin bahon wanki yana tafe yana ba da labari. Da ta nace, sai na fito falo na ce masa, cikin tsokana, Anti ta ce ya tsufa sai da tabarau. Ya nuna talabijin ya ce in duba da kaina, wannan duhun nasa ne ko na wasan? Na duba, wasan kuwa da duhu. Na ce na wasan ne. Magana ta mutu a nan.

A watan ne jita-jitar ta ɓullo. Wai kamfanin ya gaji da baƙin rai, zai mayar da jarumin irin zanen da, mai haske da barkwanci, har da taurarin nan na kan ɓarayi. Babu wanda ya tabbatar. Wani ya ce ɗan'uwansa na aiki can, wani ya ce ya ga rawayar alkyabba a bayan wani hoto. Ni na kai wa Yaya labarin, kuma daga ranar na zama gidan rediyonsa. Kullum sai ya miƙo mini wayarsa ya ce in karanta masa me ake ciki, wai hannunsa da maiƙo. Mutumin da ya yi wanka ya canza kaya, wane maiƙo? Ban tambaya ba. Karantawa nake yi, in ƙara gishiri, mu yi ta lissafin yadda zai kasance. In Anti ta sake tayar da zancen likita sai ya ce ta bari mai hasken ya fito, in shi ma bai gani ba, da ƙafarsa zai je. Ni kuma in ce ai gaskiya ne, an kusa. Shekara biyu ina cewa an kusa.

Ranar da wani ɗan gajeren bidiyo ya bazu, wai satarsa aka yi daga kamfanin, ko rufe shago ban tsaya yi da kyau ba. Na isa da la'asar, na haɗa wayata da talabijin ɗinsa, na ce Yaya zauna ka sha kallo. Sai ga sama shuɗiya tun daga wannan gefe har wancan, ga rana, ga jarumi da alkyabbarsa rawaya shar, ga ɓarawo mai ƙaton hanci. Har ƙwalla na yi don murna, na ji kamar Baba zai leƙo ya ce mu rage ƙara.

Yaya ya matso, ya karkata kai kamar kaza na kallon tsaba. Ya daɗe.

"Wannan ne hasken da ake ta faɗi?" ya ce. "Ai sun yaudare mu, Auta. Ɗan tsakiyar kawai suka haska, gefe da gefe duk baƙi ne."

Anti na tsaye a bakin ƙofa da faranti a hannu. Kallona kawai ta yi, kuma da ma zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Da muka kai shi asibiti, likitan ya ce hawan jinin ido ne, ciwon da ba ya zafi, yana ci daga gefe yana shigowa a hankali. Abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa tsare ragowar kawai yake yi. Idon hagu ya riga ya tafi, na dama saura ɗan kaɗan, kamar mai leƙe ta bututu. Ya tambayi yaushe aka fara lura. Anti ta ce shekara biyu. Likitan ya rubuta, bai ɗago ba. Ni ce na karanta masa kowace jita-jita a duniya, ban karanta abin da ke zaune a gabana ba, kuma wannan abin zai bi ni har kabari.

A gidan burodi sun bar shi a teburinsa, tunda hannun bai manta ba, amma sun hana shi zuwa kusa da tanda. Bidiyon kuwa ashe wani mai son wasan ne ya haɗa shi a ɗakinsa. Kamfanin har yau bai ce uffan ba.

Asabar ɗin da ta wuce na tarar Anti ta tono tsohuwar na'urar Baba daga ƙarƙashin gado, an goge ta, an haɗa. Yaya na riƙe da abin dannawa, jarumin na tsaye a bakin rufi bai motsa ba. Ya bubbuga tabarmar gefensa. Na tsuguna inda na saba tsugunawa. Na ce hagu, ya yi hagu. Na ce tsalle, ya yi tsalle. Na ce ga shi nan bayanka, ya juya ya naushe shi, taurari suka fito. Muka yi kusan awa guda a haka, ina ta jira ya ce in yi masa shiru, bai ce ba.