Jarrabawa a Bakin Shingen Tumaki

Tungalag ce malamar walda a makarantar koyon sana'a ta garinmu, a lardin Arkhangai, yankin makiyaya mai tsananin sanyi. Gajera ce, ba ta da yawan magana, kuma ba ta iya yabo ba ko kaɗan. Ni kuwa direban makarantar ne, ina jan wata akwalar mota ƙirar Rasha wadda ta girmi yawancin malaman. Yaya take ce mini, don na girme ta.

'Yar makiyaya ce. Tana budurwa guguwar dusar ƙanƙara ta karya ƙofar katako ta shingen mahaifinta, tumaki suka bi iska, aka tsince su a daskare. Iyalin suka dawo gari hannu rabbana. A lokacin gwamnati na bai wa masu koyon sana'a ɗan alawus, sai ta shiga makarantar. Aka nuna mata ajin ɗinki, ta wuce ajin walda ta zauna.

Bara aka aiko daga babban birni cewa duk sashen da bai cika adadin ɗaliban da ake so su ci jarrabawar aikin hannu ba, za a rufe shi a kwashe injunan. Suka kuma sa ranar a tsakiyar watan haihuwar tumaki. Wanda ya zaɓi ranar nan, na rantse a faranti kaɗai ya san tunkiya. Ɗaliban Tungalag duk 'ya'yan makiyaya ne, kowa ya riga ya tafi taya iyayensa, don ɗan tunkiyar da aka haifa cikin sanyin nan ba ya jira.

Mai jarrabawar, Malam Sodnomdorj, ya iso da kwat mai tsabta ya tarar da aji wayam.

"Malama, ina mutanen naki? Ko kujeru zan jarraba?"

"Suna wurin aiki, ranka ya daɗe. Dokar ta ce ka ga waldarsu da idonka. Ta ce a wane ɗaki?"

Ya sosa ƙeya. "Ba ta ce ba."

Ta juyo gare ni. "Yaya, tayar da tsohuwar taka."

"Tsohuwata ta fi janaretanki lafiya," in ji ni, muka loda inji da ƙarafa.

Muka riƙa bin rugage. Ko'ina muka sauka sai shayin madara da gishiri, sai busasshen cuku. Kuma a wajenmu baƙo ba ya tarar da mutane suna aiki ya naɗe hannu, don haka Malam Sodnomdorj ya duba waldar wani saurayi yana rungume da jaririn tunkiya jiƙaƙƙe a cikin kwat ɗinsa don ya ɗumama shi. Bai yi ƙorafi ba, ashe shi ma a tanti aka haife shi. Ɗalibi ɗaya ya gyara bututun murhu, wani ya ɗinke ƙafar amalanke. Wani ya faɗi jarrabawar, Tungalag da kanta ta ce waldarsa kamar kashin akuya take.

Ta ƙarshe ita ce Byambasuren, a wani kwari mai iska. Idan ta ci, adadin ya cika, sashen ya tsira. Ta fito hannuwanta duk sun tsage, ta ce ita ƙofar shinge ta ƙarfe za ta yi, tasu ta katako ta ruɓe.

Kakarta ta leƙo daga tanti. "Ke, kar ki ƙona mini ciyawa da wutar nan taki!"

"Kaka, ki koma ciki, hasken zai ci miki ido."

"Wane idon ya rage?"

Byambasuren ta auna, ta yanka, ta haɗa. Aka rataya ƙofar a jikin ginshiƙi. Malam Sodnomdorj ya bi mahaɗan da yatsa, ya hau kanta da duk nauyinsa, ya sauko ya ce ta ci.

Na yi murna ƙwarai, don da sashen ya tafi da ni ma na tafi. Na je kiran Tungalag mu kama hanya, na tarar da ita tana girgiza ƙofar da hannu biyu, iya ƙarfinta. Ƙofar ko motsi ba ta yi ba. Tumaki na ciki suna kallonta.

"Yaya," ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "abin da babana ya rasa ke nan fa. Wannan kaɗai."