Tsohon da Suka Cire daga Jirgi

Shekarar da na gama sakandare idanun Baba suka fara dushewa. Tsohon soja ne, kamar dattawa da yawa a unguwarmu a Zuru, kuma cikin kayan da ya dawo da su daga bariki akwai wani littafin Turanci mai yagaggen bango. Labarin wasu mutane ne da suka bar duniya a jirgi za su wata tauraruwa, tafiyar shekara arba'in.

Kullum da la'asar nakan zauna gefen kujerarsa a gindin mangwaro in karanta masa. Turancinsa ya fi nawa, amma ya ce in riƙa juyawa da Hausa, ta fi kwanta masa a kunne. Cikin matafiyan akwai wani tsoho mai dafa abinci da ya ɓoye ƙasar gonarsu a gwangwani. In kowa ya watse sai ya yayyafa mata ruwa ya shaƙi ƙamshin. A nan Baba kan ɗaga hannu. "Dakata, ɗiyata. Koma baya kaɗan."

Wata rana ɗan Ibon da ke sayar da faifan bidiyo kusa da tasha ya ga littafin a hannuna, ya ce ai an yi fim ɗinsa, ya zaƙulo mini. Kwana uku muna jiran wuta. Da aka kawo ta da hantsi, Baba ya ja kujera har gwiwarsa na taɓa teburin talabijin. Duk da haka inuwa kawai yake gani, ni nake gaya masa abin da ke gudana.

Gaskiya jirgin ya fi wanda na zana a zuciyata kyau. Amma shekara arba'in ɗin nan sun dawo kamar zuwa Ribah da ke nan kusa da mu a babur, kuma an cusa harbe-harben da babu su a littafin.

"Ina tsohon?" in ji Baba.

"Bai fito ba tukuna."

Da ya tambaya karo na uku na riga na gane sun cire shi. Na dubi fuskar Baba, sai na ji bakina ya ce, "Ga shi can a kicin, yana buɗe gwangwanin."

Baba ya karkata kunne. Babu abin da ke fita sai ƙarar bindiga. Ya yi murmushi. "Cikin wannan harbin? To, ci gaba. Sai ya yi me?"

Haka na riƙa ba shi labarin tsohon har rubutun ƙarshen fim ya hau allo. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka.

Damina biyu bayan nan Allah ya karɓi ransa. Na sake ganin fim ɗin sau ɗaya a gidan aurena a Sakkwato. Ban kai rabi ba na tashi na kashe, don babu wanda zai tambaye ni komai.