Ranar da Na Fasa Jingar Alhaji Bukar

A da, ni manomin shinkafa ne a fadamar Auyo, gonar gado nake nomawa rani da damina. Kafin abin da zan ba ku labari, ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba.

Sai tsadar nan ta zo. Taki ya gagara, man fetur ya fi ƙarfin talaka, a gidana sau ɗaya ake ɗora tukunya. Ana cikin haka injin ban-ruwana ya mutu, daidai lokacin da shinkafa ta yi ciki. Na je wurin maƙwabcin gonata, Alhaji Bukar, na roƙe shi aron nasa na wuni guda. A gaban leburorinsa ya dube ni ya ce, "Malam, injina ba ya shan Allah-ya-saka, mai yake sha." Suka kwashe da dariya.

Ina ji ina gani shinkafar ta ƙone. Da yunwa ta ci ƙarfinmu, shi ɗin dai ya aiko a saya masa gonar, na sayar ina haɗiye zuciya. Wallahi tun ranar na tsane shi.

Na fara da zuƙe mai daga injinansa, ina ce wa kaina haƙƙina nake karɓa. Daga mai sai tiyo, daga tiyo sai inji sukutum. Da hannu ya saba, ban ƙara tambayar na wane ne ba. Matata ta ce, "Maigida, wannan cefanen daga ina?" Na ce ta ci ta yi shiru.

Duk da haka zuciyata ba ta huce ba. Damina ta yi, kogi ya cika ya batse, shinkafar Alhaji ta yi kore shar a gonar ubana. Ranar wata Juma'a, da kowa ya tafi masallaci, na ɗauki shebur na fasa jingar da ke tare ruwa ta gefen gonarsa. Ni da aka haifa a bakin kogi, na manta ruwa bai san iyakar gona ba. Ya cinye ta Alhaji, ya bi gonakin talakawa irina, ya shiga gari ya rushe ɗakuna, har da na mahaifiyata. Wani masunci a cikin kwalekwale ya gan ni, shi ya ba da shaida.

Na yi shekaru a gidan yari. Sau ɗaya mahaifiyata ta zo. Ta ce, "Alhaji yana da wasu gonakin a Kafin Hausa, bai kwana da yunwa ba. Mu ka cuta." Ba ta ga fitowata ba.

Na tuba, kuma ina bin waɗanda na cuta gida-gida ina neman gafara. Alhaji kuwa ban yafe masa ba, na bar shi da Allah, da ma tun farko na yi haka.

Samari, talauci zai matse ku, wani zai wulaƙanta ku a gaban mutane. Ku yi ƙwadago, ku kai ƙara, ku yi kuka in ta kama, amma kada ku rama da hannunku. Ni na rama. Da na fito na tambayi inda 'ya'yana suke, aka nuna mini su a gonar kakansu, sun duƙa cikin taɓo suna yi wa Alhaji dashen shinkafa.