Allurar da Aka Yi wa Mama

Jikin Mama ba ya karɓar penisilin, duk gidanmu mun san haka tun muna yara. Da fartanya ta sare ta a gonar citta, ƙafar ta rure, sai na kai ta wani ƙaramin asibiti a Kafanchan. Nas ɗin da muka tarar ta zuƙo magani tana hira a waya, ko sunan Mama ba ta tambaya ba.

Na ce, "Sista, don Allah wace allura ce? Penisilin na kumbura ta."

Ta san ni malamar makaranta ce, sai ta harare ni ta ce, "Malama, nan ba ajinki ba ne."

Ta tsira mata allurar. Kafin in gyara wa Mama zani, leɓunanta sun kumbura, numfashi ya gagara. Likita ne ya shigo a guje ya ceto ta.

Nas ɗin nan ba ta taɓa ba mu haƙuri ba. Coci ɗaya muke zuwa, ita ce ma mai ba da waƙa a zumuntar mata. Fasto ya ce in yafe mata. Har yau in ta miƙo hannu mu gaisa, nawa na cikin jaka.