Mama Leah, Mai Bin Katako Har Kututturensa

Da sassafe, kafin kasuwar Zuru ta cika, 'yan katako sun saba ganin Mama Leah Philemon ta faka tsohon babur ɗinta a bakin layinsu. Takan gaisa da masu zarto, ta shafa katako, ta sunkuya ta duba tambarin da aka buga masa. Ma'aikaciyar gandun daji ce, kuma a watan nan ta ajiye aiki.

Nauyi ya hau kanta ne lokacin da masu ba da aikin gyaran makarantun gwamnati suka ce ba za su ƙara sayen katako ba sai mai tambarin shaida, wato alamar an sare shi bisa ƙa'ida kuma an dasa madadinsa. Ƙungiyoyi biyu ke buga tambarin. Aka ce ta bincika ta faɗi wadda za a amince da ita.

Ana cikin haka iska ta yaye rufin wata firamare a hanyar Wasagu. Ɗan kwangila ya jibge katako mai tambarin ƙungiya ta farko a harabar makarantar, amincewar Mama Leah kawai ake jira. Ita kuwa ta ce sai ta ga inda aka saro shi.

A dajin ta tarar da Ardo Bello, wani makiyayi da ke cin rani a wurin. Ya kai ta bakin rafi, ya nuna mata kututturan itatuwan madobiya a jere, babu dashe ko ɗaya.

"Malama, da ganyen itacen ga muke riƙe shanu in ciyawa ta ƙare," in ji shi. "Bana ban san inda zan nufa da su ba."

Ta dawo ta ce ba za a karɓi katakon ba.

Shugaban makarantar, Malam Ɗan'azumi, ya same ta a ofis ransa a ɓace. "Mama, don Allah ki dubi yaran nan. Hadari ya fara haɗuwa, a gindin mangwaro suke karatu. An riga an sare itacen, ƙinki ba zai tayar da shi ba."

"Gaskiyarka, Malam," ta ce. "Amma in na ce to yau, gobe za su koma su kwashe sauran."

Abin ya yi mata ciwo, domin wasu iyayen yara sun daina amsa gaisuwarta, har a coci. Duk da haka ba ta zauna ba. Ba tare da ta sanar da kowa ba, ta nufi garin Dirin Daji, inda manoman ƙungiya ta biyu ke da gonar itacen malaina. A can ta ga kusa da kowane kututture an dasa sabo, an kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ta koma ta faɗi abin da idonta ya gani, ta yi ta zirga-zirga har aka sayi katakonsu.

Ba a gama rufin ba sai da ruwan farko ya kori yara gida. Amma da masu saran suka rasa babban mai saye, ba su koma bakin rafin ba, kuma Ardo Bello bai tashi da shanunsa ba. A taron yi mata bankwana, Malam Ɗan'azumi ne ya fara miƙewa. "Ni na fi kowa jin haushinta," ya ce, "kuma ni na roƙa a bar ni in fara yi mata godiya."

Mama Leah, ke ce kika yarda a ji haushinki don kada daji ya ƙare. Ke ce kika sa manomin da ke dashe ya ga amfanin wahalarsa. Uwar daji, sannu da aiki.

Duk wanda aka damƙa wa amana, babba ko ƙarama, ya yi koyi da ita: ya tashi ya je ya gani kafin ya ce to. Mun gode, Mama. Allah ya ba ki lafiya, ki huta a inuwar da kika hana a sare.